Kwaya a ma'aunin tashar nukiliya

Wanda ya bi ƙasar Magarya zuwa Kwaya, cikin jihar Damagaram, zai tarar da jama'a jingim: gari na hangen gari, gero da gyaɗa a tudu, rake a kwari, ciniki kuma ya fuskanci Daura da Kano. Wutar lantarki ce ba ta wadata ba. Layin da ke ciyar da Damagaram daga Katsina ya taso, kuma a watan Agustan 2023 Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta, alhali tun 1971 ake haƙar uraniyom a Arlit.

A 2025 gwamnati ta sa hannu kan takardar fahimtar juna da kamfanin Rosatom na Rasha. To, a ina za a kafa tashar?

Tankaɗe masana ke yi. Rariyar fari tana zubar da duk wurin da ke da girgizar ƙasa, ambaliya, cunkoson mutane ko ƙarancin ruwan sanyaya injuna. Wuraren da suka tsira ake ba maki bisa nisan layi, hanya da kuɗi. Nauyin kowane maki kuwa mutum ke yanke shi, ta nan siyasa kan shigo. Nijeriya ta tsai da Geregu da Itu a 2015, dukansu a bakin kogi.

Kwaya ba za ta wuce rariyar fari ba. Ruwan Korama na kusa, rijiya ba zurfi, amma rabon lambu ne da dabbobi, tasha kuwa dare da rana take sha. Kogin Isa ya rage wa Nijar, shi ma a Yamai ya tsaya cik a watan Yunin 1985.