Tocilar da Aka Ce Ta Mutu

Da yawanku kun san ni da gajerun labarai, amma akwai wata ɗabi'a da na fito da ita daga kwalejin kimiyya da fasaha tare da takardar difloma: tsintar matattun tociloli ina farke cikinsu. A gida har suna aka sa mini, wai Mai Bola. Duk wanda fitilarsa ta daina kamawa a layinmu, gidanmu yake aiko yaro da ita.

Abin da na gano shi ne, yawancin tocilolin da muke jefarwa ba su mutu ba. Ƙananan nan masu caji, waɗanda ake sokawa a bango kai tsaye, galibi ɗan batirin dalma ne mai bolt 4 a cikinsu. Babu abin da ke yanke cajin idan ya cika, sai ya yi ta sha har ya bushe. Ƙwayayen LED ɗin kuwa sau da yawa lafiyarsu ƙalau. Gwada su ba wuya: ka ciro ƙwai ɗaya, ka sa batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, tsakanin ƙafafunsa biyu. Idan bai kama ba ka juya shi, domin LED ta hanya ɗaya kawai yake karɓar wuta.

Maye gurbin batir shi ne babban aikin. A cikin tsohon batirin kwamfutar tafi-da-gidanka akan samu ƙwayoyin 18650, kuma sunan ma awonsu ne: kaurin milimita 18, tsawon milimita 65. Idan sun cika suna kai bolt 4.2. A nan sai an yi hattara. Dole ne a cire tsohuwar hanyar cajin gaba ɗaya, a sa ɗan allon TP4056 mai kariya, wanda ke aiki da cajar waya kuma yake tsayawa idan batir ya cika. Batirin litiyam ba ya ɗaukar wasa, yana iya kamawa da wuta. Wanda ya kumbura, ko ya huje, ko mita ta nuna ya faɗi ƙasa da bolt 2.5, ba na kai shi ɗakin kowa.

Sai rizisto, ɗan abin da bai fi ƙwayar shinkafa girma ba. Ƙaramin farin LED yana buƙatar kimanin bolt 3.2 da miliam 20. Ka cire 3.2 daga 4.2, saura 1, ka raba da 0.02, ka samu om 50, sai ka ɗauki na 56. In ka haɗa ba shi, hasken zai kashe ido, kowa ya ce madalla, amma ƙwan yana gasuwa ne a ciki, ba da jimawa ba ya dushe. Shi ya sa ba na auna tocila a mintin farko. Ina kunna ta bayan sallar isha'i, in duba agogo, in ga yadda za ta wayi gari.

Idan ka duba farin LED a kashe, za ka ga ɗigon rawaya a tsakiyarsa. Asalin haskensa shuɗi ne, wannan shafen ne ke mayar da shi fari. Jan LED ya samu tun 1962 a hannun Nick Holonyak a Amurka, amma shuɗi mai ƙarfi sai a farkon shekarun 1990. Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura ne suka cim ma hakan a Japan, aka ba su kyautar Nobel a 2014. Wahalar shekara talatin ce ke cikin fitilar mai shayin unguwarku.

Wasu na ce mini wasan yara ne. Amma da irin wannan fitila ƙanwata ke bitar karatu idan an ɗauke wuta, kuma kuɗin da za a sayi sabuwa duk bayan wata kaɗan ya koma cefane.

Ga dalilin da ya sa na kawo zancen wannan zaure. Labaranmu cike suke da makanikai da teloli da masu gyaran waya, amma sai mu rubuta “yana cikin aikinsa” mu wuce. Ba ƙaurin dalma, ba ƙunar yatsa, ba sunan ko da ƙarfe ɗaya. Mai karatu yana gane marubucin da bai taɓa riƙe abin da yake ba da labarinsa ba. A wannan makon, kowa ya nemi mai sana'a ɗaya ya zauna kusa da shi awa guda, ya tambayi sunan kowane kayan aiki, ya rubuta. Mai son farawa da tocila, ya zo da matacciyarsa taronmu na wata.

Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.