Mushe, da rabon 'ya'yansa da muka ci

A da labarin mutuwa ba ya sauri. In dattijo ya rasu a wani ƙauye na Adar, yaro ake ɗorawa kan jaki ya kai wa garuruwan kusa, na nesa kuma a ba direban motar kasuwa saƙo, ko a aika takarda gidan rediyo a karanta cikin sanarwar Muryar Sahel. Mutum yana zaune a Abijan ko Legas, kunne manne da rediyo, sai ya ji an ambaci garinsu, gabansa ya faɗi tun kafin a kai ga sunan mamacin. Sau da yawa kafin ya iso gida an yi sadakar arba'in. Yanzu kuwa masu haƙa ba su fito daga kabari ba, hoto ya gama zaga wayoyi. Haka rasuwar malaminmu ta iske mu, mu tsofaffin 'yan lakwal, wato makarantar boko, na ƙasar Karofane da neman abinci ya warwatsa, wani a Yamai, wani a Agadas, wani a Kano, wani can Kumasi.

Ba zan kama sunansa ba, don a wajenmu ba a kiran sunan uba gatsau. Mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, muke ce masa muna yara, Mushe muke ce masa da furfura a gemunmu. Har a wajen jana'iza, in ji waɗanda suka samu halarta, sai da liman ya ƙara da Mushe kafin wasu su gane wa ake yi wa addu'a.

A farkon shekarun 1970 ya sauka ƙauyenmu daga bayan wata babbar mota, ƙura ta yi masa fari fat, da gadon ƙarfe mai naɗewa da rediyo mai batir. Saurayi ne siriri daga gabas, wajen Damagaram, kuma ya daɗe yana mamakin yadda mutane ke noma a kan dutse. Iyayenmu ba su yi murna da zuwansa ba. Lakwal a lokacin abin gudu ce. In aka ce mai gari ya ba da yara, sai ka ga uwa ta cusa ɗanta cikin rumbu ta mayar da murfi, ta rantse ya tafi wajen kakarsa. Ni ma an cusa ni, ƙaiƙayin gero ne ya sa ni tari, dogarin mai gari ya ciro ni ta ƙafa. Mahaifiyata ta yi kuka ranar har muryarta ta dushe.

Ajinmu rumfa ce ta kara da zana, kowace kaka a sake ta, don a watan Oktoba ake komawa, gero na tsaye a gona ana jiran girbi. Ƙararrawa kuwa tsohon ƙarfen ƙafar mota ne rataye a reshe, kuma buga shi mulki ne da ake ba yaron da ya fi kowa sammako. Har yau in na ji warin tsohon batir sai in tuna da shi, don baƙin abin da ke cikin batirin muke dakawa mu kwaɓa da ƙaro mu shafe allo. Ga ƙurar alli a hanci, ga zufar yara, ga ƙanshin ƙosan tsohuwar da ke zama bakin darni. Mai dala guda ranar nan abokansa sun yi yawa. Mushe yakan faɗi lissafi, ya yi shiru, sannan ya buga sanda a tebur, mu ɗaga ardwaz, ƙananan allunanmu na rubutu, gaba ɗaya. Wanda bai samu amsa ba sai ya ɗaga nasa a karkace, wai ko hasken rana zai rufa masa asiri. Bai taɓa rufawa ba.

Dikte, wato shifta, ita ce dodonmu: kuskure biyar, sifiri. Sannan ga sambol, wani ƙashin akuya da ake rataya wa duk wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa a farfajiya, shi kuma ya wuni yana farautar wanda zai sauke wa. Tsumagiya ma akwai ta, ba na ɓoyewa, zamanin haka yake. Ni dai har gobe ban ga abin da aka ƙaru da shi ba wajen hana yaro harshen uwarsa, kuma shi kansa da ya tsufa dariya yake yi in an tuna masa. Abin da ba mu lura da shi ba sai daga baya shi ne, in darasi ya cije, yakan leƙa hanya ya tabbatar ba baƙo, ya rage murya ya warware mana da Hausarsa ta gabas, ƙashin yana rataye a wuyan wani.

Farin 1973 ya rage ajin. Wasu sun bi iyayensu kudu, wasu suna zuwa amma kai na kife a kan benci tun hantsi. A shekarar ce ya yi aure, kuma amarcin Madan, kamar yadda muke ce mata, a bakin murhu ya ƙare. Tukunyar da aka kawo mata ta mutum biyu ta koma gefe, aka aro ta gidan biki. Jar dawar taimako, garin madara, ɗan gishiri, a dama a zuba mana a akushi mu kewaye. Ba wanda ya tambayi daga aljihun wa itace da cefane ke fita. A watan Afrilun 1974 sojoji suka karɓi mulki. Bayan 'yan kwanaki Mushe ya sauke hoton Jori Hamani, daga baya na Seyni Kunce ya hau ƙusar, ya juyo ya ce mu buɗe kaye, wato littattafan rubutu, rabawa ba ta canja ba.

Daga 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iskar da ke kwashe ƙasar gona, aikin ma'aikatan daji da ƙungiyar CARE. A shekarar kuma ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace. Mushe ya ɗauki abin da zafi. Kowane yaro da itacensa a farfajiya, da gwangwanin ban ruwa, da ƙayar da zai kewaye shi, kuma in akuya ta cinye maka, kai ne mai laifi ba akuya ba. Rijiyarmu ga nisa ga zurfi. Mun tsine wa itatuwan nan a ɓoye ba adadi. A ƙarƙashin wasunsu aka shimfiɗa tabarmin zaman makokinsa.

Bayan la'asar wani aikin ne ke jiransa. Adar ƙasar cin rani ce. Da an ɗaure dammuna maza sun kama hanya. Matan da aka bari sai su zo zauren Mushe, su durƙusa daga gefe, a karanta musu wasiƙa, a rubuta amsa, a duba takardar manda ta kuɗin da aka aiko kafin a tafi gidan waya. Ya san bashin kowa, ya san mai ciki, ya san wanda ya yi shekara bai aiko ko dala ba, kuma ba a taɓa jin maganar wani a bakinsa ba. Wannan ne ya sayo masa garin, ba faransanci ba. Malamin allonmu, wanda da farko ko gaisuwarsa ba ya amsawa da kyau, ya zo ya zama abokin shayinsa, suka raba mu: asuba da dare na allo, rana ta lakwal. Da wannan yardar yake shiga gidaje roƙon a bar yarinya ta ƙarasa aji shida. Wani uban ya ji, da yawa ba su ji ba. Ɗaya daga cikin waɗanda aka bari ungozoma ce ta asibiti, ta karɓi haihuwar jikokinsa.

Shekarar jarrabawa kuwa gidansa muke kwana. Fitilar ƙwai ɗaya, mu kewaye ta har kananzir ya ƙare. Ranar tafiya Buza, Madan ta ɗaure mana ƙuli-ƙuli da dabino a tsumma, shi kuma ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana duba bik da farce.

Sauran shekarun na ji su ne daga nesa. An yi ta canja masa gari tsakanin Buza, Keita da Madawa. Ya ga yunwar 1984 da ake kira El Buhari, ya ga matan Keita suna jidar duwatsu a aikin gyaran ƙasa da Italiya ta ɗauki nauyi daga wannan shekarar. Ya ga an karya darajar sefa a Janairun 1994, ya ga watannin da albashi ba ya zuwa. Da ya yi ritaya bai koma gabas ba, garinmu ya dawo.

Da muka haɗu muka je gaisuwa, na tarar da abin da ban yi tsammani ba. Mun yi yadda aka saba: ina hanƙuri, Allah shi jiƙan shi, Allah shi sa ya huta, Allah shi kyautata namu zuwan. Aka shafa fatiha, aka zagayo da gumba. Daga nan labari ya ɓarke, kowa da nasa Mushen. Babban ɗansa yana saurare, can ya ce da ni, “Yaya, wannan mutumin da kuke faɗi mu ba mu san shi ba. Baba in ya shigo gida ya gaji. Yana gyaran kaye muke barci, muna tashi ya fita.” Ba da ɗaci ya faɗa ba, amma ta zauna mini. Hausawa na cewa ɗa na kowa ne. Ba mu taɓa lissafa cewa wanda ya ɗauki 'ya'yan kowa, nasa ne ke biya ba. Hirar darensu mu muka cinye, tuwonsu da mu aka raba, kuɗin takalmin sallarsu wataƙila shi ne kuɗin hoton jarrabawar wani cikinmu.

Shi ya sa nake ganin ta'aziyyar almajiri ba ta ƙarewa a “Allah ya ba da haƙuri”. Ku ƙannena 'ya'yan Mushe, ba mu da abin da za mu mayar muku da shi, amma muna iya nuna muku inda ubanku ya tafi duk lokacin da ba ya gida. Yana wajen ungozomar nan, yana wajen direban da ke karanta takardar kaya da kansa, yana wajen ni da nake rubuta wannan. Ƙofar kowannenmu taku ce, ku shigo ba tare da kunya ba. Mun kuma yi shawara a tsakaninmu: hatsin gidan na bana da kayan lakwal na jikoki a kanmu suke, mai bin takardun fansho kuma an riga an naɗa shi.

Na shiga cikin gida na durƙusa daga bakin ƙofa, don Madan tana takaba, wata huɗu da kwana goma a gabanta. Na ce, “Inna, ki yafe mana, mun wahalar da ke.” Ta ce, “Kai ne mai tarin nan? Ai kai ba ka da ci. Ina mai ƙaton cikin?” Tana nufin Alhajinmu, wanda yau motocinsa ke ɗaukar albasar Galmi zuwa Abijan. Sai ta sa aka fito da wata tsohuwar jaka cike da rajistocin Mushe, takardun sun yi ja, gara ta ɗanɗana gefe. Babban ɗan ya kai zaure ya fara karantawa da ƙarfi, suna da maki. Aka zo kan Alhaji: lissafi goma bisa goma, dikte sifiri, wata na biye sifiri, na bayansa ma sifiri. Zauren da ya kwana bakwai ba a yi dariya a cikinsa ba ya kece, har daga cikin gida muna jin ta matan. Alhaji ya share hawaye da bakin rawani ya ce, “To, ai albasa ba ta jin faransanci. Karanto na wancan, mu ji shi da ya zama babban ma'aikaci.”