Kama da wane ba ta wane: kunkuru a gidajen Damagaram

A tsofaffin gidajen Birni da na Zango, a garin Zinder, ba abin mamaki ba ne baƙo ya tarar da kunkuru yana kiwo a bayan ɗaki tamkar ɗaya daga cikin iyalin gidan. Wasu na ajiye shi bisa imanin cewa yana kore sharri, wasu kuwa don sha'awa kawai, domin dabba ce marar hayaniya wadda kan riski jikokin wanda ya kawo ta. Daga wannan ƙauna ne wata ɗabi'a ta samo tushe: maigidan da ke da kunkuru ɗaya, idan ya samu wani daga hannun makiyayi, ko cikin tsarabar direba, ko daga yaran da suka tsinto shi a bakin tabki, sai ya zuba su duka cikin shinge guda. A ganinsa karamci ne, ya sama wa na farko abokin zama. Sau da yawa kuwa ƙarshen wannan karamci asara ce.

Tushen matsalar yana cikin suna. Bahaushe ya ce kunkuru, Bafaranshe ya ce tortue, kowannensu ya tara halittu dabam-dabam a ƙarƙashin kalma ɗaya. Akwai babban kunkurun Sahel, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata, na uku a girma a duniya bayan na tsibiran Galafagos da na Aldabara. Babban namiji kan kusanci kilo 100, abincinsa ciyawa ce, ɗanya ko busasshiya, kuma yana haƙa rami mai zurfi inda yake fakewa daga zafin bazara. Akwai ƙaramin kunkuru na dazuzzukan kudu, dangin Kinixys, mai gaɓa a ƙoƙon bayansa da yake rufe ƙafafunsa na baya da ita. Shi da wuya ya wuce tsawon tafin hannu da yatsu, yana son laima da inuwa, yana cin dodon koɗi da ƙadandoniya. Akwai kuma na tabki, dangin Pelomedusa, mai cin talibambam da ƙwari, wanda ke binne kansa cikin laka idan ruwa ya ƙafe, sai damina ta dawo ya fito.

Wani dattijo a Birni ya taɓa haɗa biyun farko. Babban ya shekara fiye da ashirin a gidan, ƙaramin kuwa ɗansa ne ya kawo masa daga wata tafiya kudu. Aka riƙa zuba musu harawa da ganyen salati a wuri ɗaya. Babban ya ci ya ƙoshi, ƙaramin ya laɓe gindin randa, inda ƙasa ke da ɗan sanyi, yana ramewa, mutanen gida na cewa baƙunta ce. Wata safiya aka iske shi a kife, rana ta riga ta gama da shi. Hausawa na cewa kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa, amma namijin Sahel yana da abin da ya fi yatsa: wani tsini mai baki biyu a gaban ƙoƙon ƙirjinsa, da shi yake tunkuɗe abokin gaba har ya birkice shi. Dabba ce da ta saba zaman kaɗaici a daji, ba ta neman aboki.

Abin da ido ba ya gani ya fi wannan haɗari. Kowane iri yana ɗauke da kaska da ƙwayoyin cuta da jikinsa ya saba da su, waɗanda kan kashe wani irin da bai taɓa gamuwa da su ba. A shekarar 2000 Amurka ta hana shigo da kunkurun Sahel da wasu iri biyu na Afirka, saboda kaskar da ke jikinsu na iya yaɗa wata cuta mai kashe shanu da tumaki. A hamadar Mohabe ta ƙasar kuma, cutar numfashi ta halaka kunkurun daji masu yawa cikin shekarun 1980, masana na danganta yaɗuwarta da na gida da masu su suka gaji da su suka sako.

Wannan darasi ya shafi Damagaram kai tsaye. Kunkurun Sahel yana raguwa sakamakon gobarar daji, da yawan kiwo, da kamu don sayarwa. Tun 2000 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa kasuwar duniya, a 2021 kuma ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Yankin Termit da Tin Tumma, wanda aka keɓe a 2012, yana cikin wuraren da har yanzu yake rayuwa a sake. Ko cikin irin nan guda, nazarin ƙwayoyin gado ya nuna bambanci tsakanin na yamma, wajen Senegal, da na gabas, wajen Sudan. Idan aka cuɗa su a gida suka hayayyafa, ba wanda zai iya faɗin asalin ƴaƴansu. Ranar da kunkuru ya yi wa tsakar gida girma, ya fara tone gindin katanga, maigida ya kai shi daji da kyakkyawar niyya, yana iya kai wa ragowar na dajin cuta da gaurayen jini.

Maganin ba shi da tsada. Kowane iri da shingensa da abincinsa. Maza biyu na Sahel kada su zauna wuri ɗaya. Sabon zuwa a ware shi watanni kafin ya kusanci na gida. Wanda ya gaji da nasa ya nemi ma'aikatan gandun daji maimakon ya sake shi. Mafi alheri kuma a daina karɓar wanda aka ɗauko daga daji.

Malamai da ƙungiyoyin al'adu suna da nasu rabon aikin. Makiyayan Tasker da manoman Mirya sun san waɗannan dabbobi, da ramukansu, da lokutan fitowarsu, kuma akwai sunaye a bakinsu cikin Hausa da Barbarci da Tubanci da Fulatanci waɗanda suka cancanci a tattara a rubuta. Ɗalibin da aka aika ya tambayi kakansa daga ina kunkurun gidansu ya zo, kuma a wace shekara, ya koyi harshe da kimiyya a lokaci guda, ya kuma bar wa ma'aikatan daji shaidar da za su dogara da ita gobe. Allah ya sa mu riƙe amanar abin da muka ajiye.