Kubbar Sanci da Sunayen da ke Jikin Dutsenta

Wanda ya tashi daga birnin Bofal, a tsakiyar ƙasar Indiya, ya nufi arewa maso gabas, in ya ci wajen mil 30 sai ya hangi wani tudu, bisansa da gini kamar an kifa ƙwarya. Sanci ke nan, inda muka kai ziyara. Baƙo ya kan nemi ƙofar shiga kubbar, babu. Cushe ta ke da tubali da duwatsu, faɗinta ƙafa 120, tsawonta sama ƙafa 54. Mabiya Budda su kan yi irin wannan gini bisa ƙashi ko tokar manyan malamansu. Ziyararsa kuwa kewayawa ce, mutum ya bar shi ga hannun dama.

Masu ba da labari sun ce da Budda ya mutu aka raba tokarsa kashi 8, kowane kashi da kubbarsa. Wai Sarki Asoka ya buɗe 7 ya rarraba cikin kubba 84,000, ta takwas ɗin macizai suka hana shi. Wannan mun bar wa masu ita. Abin da masana suka tabbatar shi ne Asoka ya fara ginin da tubali a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, na baya suka riɓa girmansa, suka lulluɓe shi da dutse, suka kafa ƙofofi 4 masu sassaƙa. A sassaƙar nan ba a yi siffar Budda ba ko sau ɗaya. Inda ya kamata a gan shi, sai sawun ƙafa, ko gadon sarauta ba kowa, ko doki ba mahayi.

To, jama'a, abin da ya tsai da mu ba wannan ba ne. Jikin shingen dutse da ya kewaye kubbar akwai gajerun rubuce-rubuce ɗaruruwa, kowane da sunan wanda ya biya kuɗin dutsen nan guda: fatake, da matan aure, da masu zuhudu maza da mata, wani wuri ma ƙauye ɗungum. A ƙofar kudu, masu sassaƙa hauren giwa na garin Bidisa sun rubuta cewa aikinsu ne. Mu da aikinmu koyar da yara ne mun san yadda a ke yi da tarihi a aji: a haddace sunan sarki da shekararsa, shi ke nan. Asoka ya cancanci ambato, amma shingen nan da taron dangi aka yi shi.

Ga abin mamaki. Da zamani ya yi nisa, rubutun nan ya ɓace wa mutane, ba mai iya karanta shi. A 1837 wani Bature, James Prinsep, ya duba kwafin da aka aika masa daga Sanci, ya lura kusan kowane layi da baƙaƙe iri ɗaya ya ke ƙarewa. Ya ce lalle kalmar “kyauta” ce, watau kyautar wane, kyautar wance. Da baƙaƙen nan ya sami bakin zaren, har aka karanta dokokin Asoka da ke bisa duwatsu. Ashe sai da talakawa suka yi magana kana aka ji muryar sarki.

Wurin ya yi ɗaruruwan shekaru cikin jeji, sai a 1818 wani hafsan Ingila ya ba da labarinsa. Masu neman dukiya suka farke gefen kubbar. Ginshiƙin Asoka kuwa, an ce wani mai gonaki ya farfasa shi don matse rake. Mun ga gutsattsarinsa kwance.

Waɗanda suka tsaya wa wurin da dukiyarsu sarauniyoyin Bofal ne, Musulmi, Shah Jahan Begum da 'yarta Sultan Jahan Begum. Da Turawa suka so ɗauke ƙofar gabas, kwafinta kaɗai suka tafi da shi. John Marshall ya gyara ginin daga 1912 zuwa 1919, littattafan da ya rubuta a kansa kuwa ga Sultan Jahan ya sadaukar da su.