Rediyon Mahaifina

Ya kai mai karatu, ka taɓa yar da wani abu don kawai ya tsage? Ni kam saura kaɗan in yi haka.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini wata tsohuwar rediyo mai jikin roba. A gidanmu na Jekadafari, cikin garin Gombe, da ita muka ji labarin ƙirƙiro Jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba, 1996. Wata rana na ɗauko ta zan goge ƙura, sai ta suɓuce ta faɗi. Jikinta ya tsage daga kusurwa har zuwa mariƙi. Sau biyu ina shafa mata gam, amma kullum tsagar sai ƙara tsawo take yi.

Da abin ya dame ni, sai na kai ta wurin wani dattijo mai liƙin roba, wanda ke gyaran bokitai da jarkoki a gindin darbejiya. Na ce, "Baba, za ta gyaru kuwa?" Ya juya ta, ya duba, ya ce, "Ɗana, tsaga tafiya take yi. Sai an tare ta tukuna."

Ga yadda ya yi. Da farko ya kwance jikin, ya kankare tsohon gam, ya wanke da sabulu, ya shanya. Sannan ya gasa allura, ya huda ɗan rami daidai ƙarshen tsagar. Ka san dalili? Ƙarfin da ke yaga roba a tsinin tsaga yake taruwa. Ramin yana rarraba shi, sai tsagar ta tsaya.

Bayan haka ya lanƙwasa siririyar waya kamar tafiyar maciji, ya gasa ta, ya nutsar da ita a cikin robar ta ciki, ta haɗe ɓangarorin biyu. Ya ɗauko ɓallin wata matacciyar rediyo, ya narka shi a kan wayar da ƙarfe mai zafi. Bai yi amfani da robar bokiti ba, domin ba kowace roba ce ke kama 'yar'uwarta ba. Ya kuma umarce ni in matsa gefe, saboda hayaƙin roba yana cutar da huhu. Da liƙin ya huce, sai ya goge shi da samfefa.

Har yau da wannan rediyo nake jin labarai kowace safiya. In ka buɗe cikinta za ka ga tabo, amma tsagar ba ta ƙara motsi ba. Hausawa kan ce, da sabon gini gara yaɓe. Saboda haka, idan wani abinka na roba ya tsage, kada ka yi hanzarin yar da shi. Nemi ƙarshen tsagar tukuna.