Ƙaramin Akwatin da Ke Sa Jita Magana

Umdurman ba baƙon jita ba ne. A nan aka haifi Sharhabil Ahmad a 1935, wanda ya sa jitar lantarki ta zauna daram cikin waƙar Sudan, kuma a gidan rediyon garin nan ne A'isha Fallatiya, 'yar Hausawa, ta rera waƙa a 1942, lokacin da mata ba sa kusantar wurin. Saboda haka da samarinmu masu kiɗan biki suka roƙe mu, mu malaman kimiyya, mu haɗa musu akwatin nan da ake takawa da ƙafa, ba mu ɗauke shi wasan yara ba.

Abin da suke so shi ne matatar sauti mai bin ƙarfin bugu. In ka bugi tsirkiya da ƙarfi sai ta buɗe, jita ta ce "wa", in sautin ya fara mutuwa sai ta rufe da kanta. A Amurka aka fara sayar da irinta a 1972 da sunan Mu-Tron III, Stevie Wonder kuma ya yaɗa sunanta a 1973. Sayen sabuwa ya fi ƙarfinmu, balle tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kayan lantarki suka yi wuya. Sai muka koma ga matattun rediyoyi, muna ɓalle rezista da kafasita da ƙarfen darma.

To, haɗawa ba ita ce wahalar ba. Wahalar tana ga lambobi. A cikin akwatin akwai dayod da ke cika wata kafasita duk lokacin da aka yi bugu, da rezista da ke zubar da cajin sannu a hankali, kamar randa mai ɗan huji a gindi. In ka ninka lambar kafasitar da ta rezistar, ka sami kimanin lokacin da matatar za ta ɗauka kafin ta rufe. Zanen da ya zo hannunmu ya ba da mikrofarad 10 da kilo'om 100, watau sakan ɗaya cur. Wannan ya dace da mai bugu cikin natsuwa. Amma kiɗan tum-tum na bikin Umdurman gudu yake yi. Kafin sakan ya cika yaro ya bugi tsirkiya sau huɗu ko biyar. Randa ba ta taɓa tsiyayewa, matata na nan a buɗe, "wa" ɗin da ake nema ya ɓace.

Muka sauko zuwa mikrofarad 1. Nan kuma wata matsalar ta fito: tsirkiya mafi kauri tana kaɗawa sau 82 ne kawai a sakan, kafasitar kuwa ta yi ƙanƙanta, har tana ɗan zubewa tsakanin kaɗawa da kaɗawa. Sautin ya riƙa gurnani kamar kwaɗo a damina. A mikrofarad 2.2 muka tsaya, wajen kashi ɗaya cikin biyar na sakan, kuma a ganinmu nan ne tum-tum ya sami numfashi.

Kada wanda zai gwada ya riƙe wannan lamba kamar karatun allo. Kafasitar tsohuwar rediyo ta sha zafin watan Mayu shekara da shekaru, ruwan cikinta ya bushe, abin da aka rubuta a jikinta ba lalle ne shi ke ciki ba. Ko sabuwa ma takan kauce da kashi 20 cikin ɗari. Hannun makaɗa kuma ya bambanta. Akwai yaron da ya taso da garaya, bugunsa kamar mai sara, akwai mai shafa tsirkiya kawai. Don haka muka cire rezistar da ke ƙayyade ƙarfin shiga, muka sa mai juyawa a madadinta, kowa ya daidaita da yatsunsa.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne ɗaliban. Lissafin nan na rezista da kafasita mun sha rubuta shi a allo, suna kwafa suna hamma. Yanzu kuwa su ke gardama a kan ko a gwada mikrofarad 3.3 don waƙoƙin da ba su da sauri, har ɗayansu ya kawo shawarar a sa makunni mai zaɓar kafasita biyu. Makunnin muke nema yanzu. Wanda ke da matacciyar rediyo a gida, don Allah kada ya yar.