Waya ma ta isa fara koyon manhaja

A ajinmu na Rano, da yawa suna ganin sai mai kwamfuta ne zai koyi rubuta manhaja. Ni da wayar Android ta yayana na fara. Abokina na Kibiya ya nuna mini Termux, wadda ake saukewa daga F-Droid. Baƙin allo ne kawai, babu hoton dannawa, sai dai ka rubuta umarni.

Da farko ka rubuta pkg update don sabunta jerin manhajoji, sannan pkg install python. Python harshe ne da Guido van Rossum ya fitar a 1991, kuma kyauta ne.

Idan allo ya ce command not found, ko dai manhajar ba ta sauka ba, ko harafi ya kauce, domin babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a nan. Idan sabis ya yanke, sake rubuta umarnin. Layin ƙarshe na saƙon shi ke faɗin matsalar, don haka karanta shi a tsanake.

'Yan'uwa ɗalibai, datar da muke ƙonawa a TikTok ta ishe mu wannan. Da sannu ake girma.